Daminar da Sarba Ta Ƙi Habsu

Na san abin da kuka taso kuna ji. Ba wanda ya taɓa faɗa muku a gaban idona, don sun san bakina ba ya da linzami, amma Madarumfa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. An ce ubanku ya samu aikin biro, aikin ofis mai kyau, aka kore shi don ya buɗe wa ɓarayi na'ura. An ce gwaggonku Habsu maganin talakawa take kwashewa tana sayarwa a Najeriya. Kun ji kun yi shiru, ni ma na yi shiru, shirun kuma ya yi tsawon da ya fara kama da amsa laifi. To yanzu gemu ya yi fari, ido ya fara gardama da ƙananan baƙaƙe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku karanta har ƙarshe. Kada wani ya tsallake shafi ya ce ya gane, musamman kai Sani, da ka gaji gaggawata ka bar sauran halayen.

A wancan lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa ƙananan gidajen likita na ƙauye da magani. Ba zan kira sunanta ba. Ta daɗe da naɗe tabarmarta, kuma akwai mutanen kirki a cikinta da ban so a zage su tare da sauran. Ni ne mai kula da na'urorinta a nan garin. A bayan biro akwai wani ɗan ɗaki marar taga, shi kaɗai ne mai sanyi a duk unguwar, a ciki babbar na'urar take, wadda muke kira sarba. Mutane suna tsammanin wani abin al'ajabi ne, alhali baƙin akwati ne mai ƙugi, ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son a ɗauke kuran, wato wutar lantarki. A kansa ake ɗora manhajar da ma'aikatan ƙauye suke shiga daga salularsu su nemi magani. Masu rubuta manhajar suna babban biro a Yamai. In sun gama wani gyara sai su turo mini a ƙunshe, ni in tsayar da tsohuwar, in ɗora sabuwar, in tayar da ita, in gwada, in ta buɗe in sanar da kowa. Ma'aikaciya tana can ƙauyenta za ta sa sunanta da kalmar sirrinta, ta faɗi abin da ya ƙare mata, mai magaza, wato mai kula da ɗakin ajiyar magani a nan, ya gani a nasa allon ya ɗaure kaya. Tun da aka kawo wannan tsari aka daina karɓar buƙata ta takarda ko ta baki. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Har turare nake sawa ranar da za a ɗora sabuwar manhaja, mahaifiyarku tana yi mini dariya wai na yi mata kishiya da akwati.

Habsu ita ce autarmu. Babanmu ya rasu tana goye, ni na riƙe hannunta na kai ta lakwal, makarantar boko, ni na tsaya har ta gama karatun unguwar zoma da jinya. Aka tura ta wani ƙauye a ƙasar Gabi, na ƙarshe kafin iyaka, inda mutum yake kwana a Nijar ya yi noma a Najeriya bai san ya ƙetare komai ba. Shi ma ba zan kira sunansa ba, akwai waɗanda muke haɗuwa da su a jana'iza har gobe. Ita kaɗai ce a gidan likitan, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai shara in mai sharar ya tafi gona. Mijinta Ilu direba ne, yana jigilar ƴan kasuwa zuwa Jibiya. Ku riƙe wannan, don da shi aka soke ta daga baya. Halinta kuwa kun san shi, ko da yake kun same ta bayan ta dusashe. Mace ce mai dariya har da riƙe ciki, amma a gabana ba ta taɓa musu. Haka aka rene mu, ƙanwa ba ta jayayya da yayanta, balle yayan da ya zama uba. In na ce rana daga yamma take fitowa, abin da za ta ce shi ne, “To, Yaya.”

Da damina ta kama a shekarar da nake ba ku labari, Yamai suka turo sabuwar manhaja da sharuɗɗa biyu. Sun ga wasu daga ƙasashen waje suna ƙoƙarin kutsawa cikin sarba, don haka suka ce daga yanzu duk wanda bai zo ta rezon Nijar ba, wato ta layin wayar ƙasar nan, kada a buɗe masa. Na biyu, duk mai neman magani sai ta ɗauki hoton kantar magani da salularta, a cikin manhajar, tana tsaye a gidan likitanta, don a tabbatar da gaske ya ƙare. Na karanta na ga hankali a ciki. Na ɗora, na gwada a biro ta buɗe, na fita bakin tabki na gwada ta buɗe, na kira majo, shugaban gidan likitan garin Sarkin Yamma, ya gwada ya ce ta fi ta da sauri. Na aika wa kowa saƙo cewa an gama, na tafi gida na ci tuwona.

Bayan ƴan kwanaki Habsu ta kira ni, muryar tana yankewa.

“Yaya, ina wuni. Abin nan fa ba ya buɗuwa.”

“Mi yake ce miki?”

“Ba ya cewa komi. Ya yi ta juyawa, sai allon ya yi fari.”

“Hadari ne ya taɓa rezo. Ko kuma kin mance kalmar sirrinki, na san ki da mantuwa.”

Na shiga da sunanta a nan biro, tana kan layi, ta buɗe tas. Na gaya mata. Ta ce, “To, Yaya.” Duk mai irin aikina haka aka koya masa: in abu ya yi aiki a gabanka, matsalar tana wurin mai ƙorafi. Ta sake kira sau ɗaya ko biyu, na sake gwadawa, na sake ba ta amsa ɗaya, har na ɗaga mata murya na ce ta nemi wani yaro ya koya mata danna salula. Daga nan ta daina kawo maganar. In ta kira sai ta gaida Inna, ta tambayi lafiyarku, ta kashe.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Gulbi ya kawo ya yanke hanyar Gabi, sauro ya tashi, masassara ta shiga yara kamar yadda take yi kowace damina. Sauran gidajen likita suna nema ana aika musu. Na bakin iyaka kuwa, nata da wasu biyu ko uku, suka yi tsit a allon mai magaza. Na je na same shi na ce ya ɗaura wa Habsu ko da kwali ɗaya ne, na san ba za ta rasa buƙata ba. Ya ce, yana girmama ni da Faransanci, “Mushe Lawali, abin da na'ura ba ta faɗa ba, ni ban ji shi ba. Kai ka fi kowa sani.” Ban ga laifinsa ba, shi ma da iyalinsa. A Yamai kuma suka ba shirun wata fassara. Shef ɗinmu, shugabana na can, ya ce mini a waya, yana ƴar dariya, ai tun da aka ce a ɗauki hoto mutanen iyaka suka ɗauke wuta, ruwa ba ya tsami banza. Bai san ƙanwata ce ɗaya daga cikinsu ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Na kashe wayar na koma bakin aikina.

Inna, kakarku, a gidanmu take a lokacin. Wata safiya ina ɗaure takalmi ta leƙo daga ɗakinta da ƙullin kuka da daddawa a hannu.

“Lawali, ka kai wa Habsu wannan.”

“Inna, gulbi ya cika. A bari ruwa ya ja.”

“Ni ban san gulbi ba, ban san akwatinka ba. Muryar ɗiyata na sani, kuma ta canza. Yau za ka tahi.”

Ba a yi wa Inna musu, ko da gemu. Na hau moto, ɗan babur ɗina, na kama hanya. A bakin gulbi samari suka ɗaga moton a kafaɗa, ni na naɗe wando na bi su ruwa har ƙirji, salula da ƙullin Inna a bisa kai. Na isa ƙauyen da hantsi. Abin da na fara lura da shi shi ne gaisuwa. Garin da in na zo ake rige-rigen kawo mini fura, ranar na yi wa dattawa sallama a gindin bedi suka amsa ciki-ciki, ba wanda ya tambaye ni hanya. A barandar gidan likita tabarmi ne jere, mata zaune da yara a cinya, yaran ko kuka ba su iya yi. Habsu tana tsugune tana shafa wa wani jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Da ta ɗago sai na ga wuyanta ya yi tsawo, zanen ya zagaye ta har ya yi saura. Ta miƙe ta rusuna ta gaishe ni kamar kullum, ta karɓi ƙullin, ta shigar da ni ciki. Kantar magani babu komai sai auduga da kwalbar wanke ciwo. A nan na ji ta sayar da tumakinta ta ba Ilu ya sayo magani a Jibiya, abin da ya samu bai kai ko'ina ba. Mutane kuma da suka ga kwali a motar Ilu a ƙofar gidan likita, sai suka ce fita da shi ake yi. An riga an binne yara, har da jikan maigari. Mata sun daina kiranta haihuwa, sun koma wurin tsohuwar ungozoma.

Na ce ta ba ni salular. Na danna da hannuna, da ilimina, da girman kaina. Ta yi ta juyawa, allon ya yi fari. Na ciro tawa don in gwada, na ga babu rezo ko ɗigo.

“Ke da mi kike shiga intanet a nan?”

“Da layin Najeriya mana, Yaya. Shi ke kamawa. Na Nijar sai an hau tudun maƙabarta, shi ma kira kawai yake yi, ba ya ɗaukar hoto.”

“Tun yaushe?”

“Tun da aka kawo ni. Kowa da shi yake yi.”

Na zauna a kan bencin allura. Abin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin iyaka ya san salular mutanen can layi biyu gare ta, kamar yadda aljihunsu yake da sefa da naira. Ni ma na sani, sanin da mutum yake yi wa abin da ya saba gani har ya daina ganinsa. Tsohuwar manhaja ba ta tambayar ta ina ka zo, shi ya sa ba a taɓa jin kansu ba. Sabuwar kuwa tana ganin Habsu ta ƙwanƙwasa ta rezon Najeriya sai ta ɗauke ta baƙuwa daga waje, ta rufe ba ko sallama. Waɗanda suka tsara dokar a Yamai taswira suka duba suka ga layi a zane, ni kuma da na san babu layin a ƙasa, ban haɗa biyun ba.

Na hau tudun maƙabarta na kira shef. Ina magana ina kallon ƙananan kaburbura da ƙasarsu ba ta bushe ba. Na yi masa bayani dalla-dalla, kuma in faɗi gaskiya ya gane nan take.

“Lawali, kada ka taɓa komai. Sharaɗin nan masu ba da kuɗi ne suka sa, da sa hannu. Sai an zauna.”

“Yaushe za a zauna?”

“Dirakta ya yi tafiya. In ya dawo.”

“To a ba mai magaza izini ya aiko da hannu.”

“Wannan ma sai an zauna. Ka yi haƙuri, ka bar mana.”

Na sauko ina huci. Habsu ta shimfiɗa mini tabarma a bayan gidan likita ta kawo ruwa. Na gaya mata yadda muka yi, na kuma gaya mata abin da ke cikina, don ina da hanyoyi biyu. Mabuɗin sarba yana hannuna, ina iya cire dokar yau ɗin nan in na koma, magani ya taso gobe. Ko kuma in jira zaman, in tsaya a gabansu in tilasta su rubuta da hannunsu cewa kuskuren tsari ne, a kawo takardar a karanta a gaban maigari, sunanta ya wanku. Na san halin manyan biro. In na gyara kafin su zauna, ciwon ya warke ba su gan shi ba, ba wanda zai yarda ya taɓa wanzuwa, sai laifin wanda ya taɓa abin da aka ce kada ya taɓa. Na ce mata ni na fi karkata ga jira, saboda ita, saboda ku kuna ƙanana, saboda kaina ma.

Ta gyara bakin gyalenta. Sannan ta ce, ba ta kalle ni ba:

“In ka buɗe za su kore ka.”

“Mai yiwuwa.”

“In sun kore ka, mutanen nan za su ce da ma tare muke, kai ka riƙe na'ura ni na riƙe kwali. Ba mai wanke ni bayan nan. Na san wannan.”

“Shi ya sa na ce mu jira.”

“Yaya, tun da nake ban taɓa ce maka a'a ba. Yau dai ka yi haƙuri da ni. Sunana yana iya jiran dirakta. Ɗan Hajara da ke barandar can ba zai kai Juma'a ba. Ka tahi ka buɗe.”

Ta tashi ta koma wurin yaran, ta bar ni da kofin ruwa a hannu. Kuka ya zo mini, na yi shi a nan bayan katanga inda ba mai gani, na wanke fuska na hau moto.

Da na iso gida na tsaya canza kaya, na gaya wa mahaifiyarku a tsaye. Ku sani ba ta goyi bayana ba a ranar, kuma kada wani ya ga baƙinta don haka. Tana da ciki, kuna lakwal, gidan ma na haya ne. Ta riƙe bakin ƙofa ta ce, “Malam, kowa da ɗansa. Namu fa?” Na ɗauki mabuɗaina. Ta kalle ni har na sunkuyar da kai, sannan ta matsa ta ba ni hanya. Ta yi kusan wata ba ta yi mini doguwar magana ba, amma ba ranar da tuwona ya makara.

Bayan la'asar na shiga ɗakin sanyi. Aikin da ya ci rayuwarmu bai kai tsawon shan shayi ba. Layuka kaɗan ne a cikin saitin sarba, na gyara su yadda rezon makwabta zai wuce, sauran duniya kuma na bar ta a rufe yadda suka so. Na tsayar da manhajar na sake tayar da ita. Na rubuta wa Yamai da sunana cewa ni na yi, ga dalili, don ban so a ce an kama ni. Kafin magariba buƙatu suka fara faɗowa a allon mai magaza, na Habsu ne farko, da hoton kantar nan tata babu komai a kai, sannan na sauran ƙauyukan iyaka. Mai magaza ya kalli hoton ya cire hularsa ya riƙe. Da gari ya waye ya ɗaure kaya da kansa, aka kai bakin gulbi da mota, aka ƙetare da su a ka, amalanken shanu ya ƙarasa. Ɗan Hajara ya tashi. Yanzu haka yana da mata da ƴaƴa, yana sayar da taya a Maradi, bai san ni ba kuma ban taɓa gaya masa ba.

Abin da Habsu ta hango kuwa bai kuskure ko taku ɗaya ba. Mutanen Yamai suka zo cikin farar mota, suka gaishe ni da mutunci, suka karɓi mabuɗan ɗakin sanyi. Gyaran da na yi ba su cire shi ba, sai ma suka sa shi a cikin manhaja ta gaba kamar tunaninsu ne. Ni kuma aka sallame ni saboda na buɗe na'ura ga rezon waje ba izini. Kafin maganar ta kai tasha ta zama na buɗe wa ƴan Najeriya sun kwashe magani. A ƙauye aka ce to ga shi, an kama yayan, saura ƙanwar. Magani ya dawo daidai lokacin da aka kama yayan, me ya fi wannan zama shaida?

Na koma ƙauyen da kaina na sami maigari a zaurensa. Dattijo ne mai hankali, ya saurare ni har na gama, ina ta fama da yadda zan fassara rezo da sarba ga mutumin da ya binne jikansa. Da na yi shiru ya gyara zama.

“Lawali, bari in ga ko na fahimta. Kana nufin duk kwanakin nan maganin yana Madarumfa?”

“Yana can, ranka ya daɗe.”

“A ɗaki, a kulle, ba wanda ya taɓa shi.”

“Haka ne.”

“Ku kuma kuna zaune kusa da shi, kuna jiran akwati ya yi magana.”

Ya kau da fuska daga gare ni. Ya kalli ƙofar zaure.

“Gara in yarda sata aka yi,” in ji shi. “Sata na san ta, na san yadda ake haƙuri da ita. Wannan da kake faɗa ban san inda zan ajiye shi ba. Tashi ka tahi, Allah ya kiyaye hanya.”

Ba a kori Habsu ba. Aka ce za a canza mata gari don kwanciyar hankali, ita kuma ta ce ta gode, ta ajiye aikin. Ilu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƴan kasuwa suka fara gudun motarsa, ya koma Katsina da zama, auren ya yi ta sirancewa har ya tsinke ba tare da faɗa ba. Ta dawo nan ta kama ɗakin da ke kusa da na Inna tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Inna ba ta ga damina biyu bayan wannan ba. Ni na kama gyaran salula a kasuwa, daga baya na samu ƴar garka a bakin tabki, ita ce ta yi muku karatu, albasa da zogale, ba biro ba. Ban taɓa nadamar buɗewar nan ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Abin da yake ci mini rai har gobe shi ne ni an kore ni daga aiki, ita an kore ta daga sunanta, kuma aiki ana samun wani.

Kun sha tambayar me ya sa gwaggonku, da duk iliminta, ba ta taɓa ba ku ko ƙwayar ciwon kai ba, sai dai ta ce ku je wurin mahaifiyarku. Ba mantuwa ta yi ba. In makwabciya tana naƙuda ta kan je ta riƙe ta, ta gaya wa masu karɓa abin da za su yi, amma tun daga wannan damina ba ta yarda wani ya ga magani a hannunta ba. Na yi mata faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba. Na ce wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ruwansa. Ta ce, “To, Yaya,” ta ci gaba da abinta.

Ciwon ajalinta ya daɗe. An kwantar da ita a Maradi, aka sallamo ta da leda cike da magunguna, mu duka mun san sallamar me ce. Ranar da ta ga jikin ya ƙi, ta sa aka fitar da mata daga ɗakin, ta ce in matso. Na ɗauka wasiyyar gado za ta yi, ko ta ce in nema mata gafarar wani. Sai ta nuna mini ledar da ido.

“Yaya, ba zan shanye su ba. In an gama da ni, ka mayar da sauran gidan likita.”

“Habsu, namu ne. Ni na saya.”

“Na sani. Ka mayar dai. Kada ka aiki yaro, kai za ka kai. Kuma ka sa wani ya tsaya ya gani.”

Washegarin jana'iza, masu gaisuwa suna zaune a ƙofar gida, na ɗauki ledar na roƙi liman ya raka ni. Muka sami wata yarinya ƴar sabuwar ɗauka a bakin aiki. Na ajiye ledar a kan teburinta na ce ragowar maganin Habsatu ce, ta rasu jiya, ta ce a dawo da shi. Yarinyar ta yi mana ta'aziyya, ta leƙa ciki, ta ce ai Baba ba a karɓar maganin da aka riga aka buɗe, ku tafi da shi gida ko ku zubar. Na ce ta yi wa Allah ta karɓa, ta zubar da kanta in ta ga dama. Ta kalle ni, ta kalli liman, ta ja ledar ta sa a ƙarƙashin tebur.

Na juya na ce, “Malam, ka gani?”

Ya ce, “Na gani, Lawali.”